Ƙofar da Ta Fi Motar Fari

A layinmu, idan gatarinka ya dakushe ba ka kai shi wurin maƙeri. Sai ka jingine shi a bakin ƙofa inda Sabo-Fil zai gani, ka yi fatan Allah ya sa yana da icen faskare. In ya ara da safe, kafin yamma zai dawo maka da shi da sabuwar ƙota, bakinsa kuma yana iya aske gemu. Daga nan ya samo sunan, sunan kuma ya danne na yanka, har jikokinsa ba su san wani ba.

Tare muka yi makarantar mishan, benci ɗaya, kwalbar tawada ɗaya. A zamanin nan rubutu abin mutunci ne. Harafi yana da inda zai tsaya, in ya leƙa ƙasan layi rula ce za ta mai da shi ta bayan hannunka. Kowace Litinin Hedimasta yakan rubuta jimla ɗaya a saman allo, mu kwafa sau ashirin. Akwai wadda ta fi zuwa masa a baki: "Abin aro, a mayar da shi fiye da yadda aka karɓe shi." Mu sauran yara kyan rubutu muka koya daga jimlar. Shi kuwa Sabo-Fil a nan ya tsinci abin da zai yi da rayuwarsa, kuma har yau mutanen layinmu ba su gama farfaɗowa ba.

Ya yi shekara talatin da takwas yana gyaran injinan famfo a ma'aikatar ruwa, ni kuma ina akawun kotu. Injinan sun cinye masa kunnen hagu. Na dama lafiyarsa lau, sai dai abin da ya ga dama yake ji. A duk tsawon shekarun nan ba a taɓa samun wanda ya ce Sabo-Fil ya dawo masa da kaya da aibi ba. Wannan ita ce dukiyarsa, ba shi da wata. Yakan faɗa a wurin ɗaurin aure, yakan faɗa a wurin makoki, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba.

Ba kullum alherin ke zuwa da sauƙi ba. Ya taɓa aron keken wani tela, keken da ya shekara goma ba birki, mai shi da ƙafa yake tsayar da shi. Ya dawo da shi da birki mai kama ƙasa, bai ce komai ba don ba ya son godiya. Washegari telan ya matsa birkin a gangaren kasuwa, keken ya tsaya, shi bai tsaya ba. Ni ma ya ari ƙamusuna, ya ga gindinsa ya saki, ya shafa masa gam na ƙwarai. Yau shekara ashirin da shida ƙamusun ba ya buɗuwa bayan harafin M. Duk kalmar da ta wuce nan sai dai in yi ta da ka.

Matarsa, wadda muke kira Maman Nas saboda 'yarsu ta fari ma'aikaciyar jinya ce, takan ce ita kaɗai ce ta tsira daga gyara, don ba aronta ya yi ba. Amma kujerun falonta ba su tsira ba. An saye su shekarar da aka haifi Nas, ya gyara su sau goma sha ɗaya, har babu sauran itacen asali a jikinsu sai dai asalin rashin daɗin zama. Ta yi magana, ta yi fushi, ta yi shiru, daga ƙarshe ya yarda zai sayi sababbi. Ya fara tara kuɗin a cikin gwangwanin madara, kuma a lokacin da wannan labari ya faru gwangwanin ya kusa cika.

Da suka kusa cika shekara hamsin da aure, Nas ta shirya musu hutun kwana biyar a wani masauki a bakin tafki. Za su shiga jirgin ƙasa zuwa birni, a can su karɓi motar haya su ƙarasa. Maman Nas ta ce ba za ta je ba sai da ni.

"Akawu, kai ka raka shi ranar auren, kai za ka raka shi yanzu," in ji ta. "Ko ba komai in sami wanda zan yi wa magana ya amsa."

Ofishin masu hayar motar ɗaki ne ɗan ƙarami mai sanyin na'ura, da shuka ta roba a kusurwa, da biro ɗaure da sarƙa a jikin kanta, abin da ya nuna mini irin yardar da za ta kasance tsakaninmu. Wata mata ce ke karɓar baƙi, riƙe da allon nan na zamani da ake shafawa da yatsa. Maman Nas ta raɗa mata suna Mai Allo tun kafin mu zauna.

"Baba, 'yarku ta biya komai," in ji Mai Allo. "Har takardar yafe ɓarna, babbar ma. Ko bango kuka runguma da motar, ba wanda zai tambaye ku sisi. Sa hannu kawai."

Ni ban taɓa barin wani ya sa hannu a gabana kan abin da ba a karanta ba. Na ciro tabarau. Da farko dai ba inshora ba ce, ko da yake kowa haka yake kiranta. Alkawari ne kamfanin ya yi cewa idan motarsa ta ji ciwo a hannunka ba zai bi ka ba. Yafiya ce ta sayarwa. A makaranta an koya mana yafiya ba ta da iyaka, amma wannan tana da sharaɗi goma sha bakwai, da rubutu ƙanana kamar sahun tururuwa.

Na karanta su da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya. An yafe maka jikin mota: ƙofofi, bamba, murfin inji. Ba a yafe tayoyi ba. Ba a yafe gilashi da madubi ba. Ba a yafe rufi ba, ba a yafe ƙarƙashi ba. Kujeru da duk abin da ke ciki suna wuyanka. In ka ɓatar da makulli, kai ka sani. In ka zuba mata man da ba nata ba, in ka sauka daga kwalta, in ka ba wanda ba a rubuta sunansa ba ya tuƙa, yafiyar ta tashi.

"To ina ya rage?" in ji Maman Nas. "Sama babu, ƙasa babu, ciki babu, ƙafafu babu. Wannan ai rigar da ta rufe cibiya ce kawai."

"Mama, haka ake yi ko'ina," in ji Mai Allo, da murmushin wadda ta ji wannan magana sau dubu.

Sharaɗi na goma sha huɗu ya ce duk abin da ya sami motar a sanar da kamfani cikin yini ɗaya, kuma kada wani mahaluƙi ya taɓa ta da sunan gyara sai garejin kamfanin. Wanda ya saɓa, yafiyarsa ta ɓaci gaba ɗaya. Na karanta shi sau biyu. Ina so a rubuta cewa ta gefen kunnensa na dama nake zaune. Amma lokacin hankalinsa yana waje, yana kallon motar ta taga kamar likitan da ya hango mai tari.

Farar mota ce ƙarama. Mai Allo ta zagaya da mu, tana nuna mana tsofaffin tabon da ke jikinta, tana ɗiga musu alama a zanen motar da ke kan allonta. Guda shida ne: lotsawa biyu a baya, ƙwarzane uku, da murfin taya ɗaya da ya tsage.

"Yanzu ku a haka kuke ba mutane aron abu?" in ji Sabo-Fil.

"Baba, haya ce, ba aro ba."

"'Yata, haya aro ce mai rasit."

Tuƙinsa ba abin da za a ce. Ya kai mu lafiya, a hankali, har wata motar ɗaukar yashi ta wuce mu sau biyu. Masaukin yana da kyau: ɗakuna a jere suna kallon ruwa, da baranda, da manyan tukwanen furanni na siminti a bakin wurin ajiye motoci. Ɗaya daga cikin tukwanen nan ce ta shiga tarihi. Da safiyar kwana na biyu yana ja da baya don ya kai motar inuwa, kada rana ta ci fentin mutane, sai muka ji ƙiii. Ya fito. Ƙofar baya ta dama ta sami ƙwarzane har ƙarfe ya leƙo. Na auna: taƙi ɗaya da yatsu biyu.

Na san shi tun yana da gajeren wando, ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya tsuguna yana shafa wurin da babban yatsa, kamar in ya daɗe zai koma.

Na ce, "Kwantar da hankalinka. Ƙofa ce. Cikin duk jikin motar nan ka zaɓi ɗan wurin da aka yafe. Ga lambar waya a takarda, mu kira su, shi ke nan."

Ya ci gaba da shafa wurin. Maman Nas ta kira 'yarta, ta manna masa wayar a kunnen dama.

"Baba, don Allah kada ka taɓa motar nan," muna jin muryar Nas. "Saboda irin wannan na biya. Ko ƙofar ce ta cire ta faɗa tafki, ba ruwanka. Ka ji ni?"

"To," in ji shi.

Maman Nas ta dube ni. "Akawu, shekara hamsin ina jin wannan 'to' ɗin. Ɗauko hularka mu je mu ga ruwa, don shi dai ya gama hutu."

Haka kuwa aka yi. Kafin rana ta take ya shiga ɗan garin da ke kusa, ya dawo da samfefar goge ƙarfe iri uku, da abin cike rami, da gwangwanaye na farin fenti, da na'urar fesa fenti da ya aro wurin wani mai gyaran jikin mota. Na sake karanta masa sharaɗi na goma sha huɗu. Ya juyo mini kunnen hagu, da ladabi.

"Ita takardar ta san wanda ya ƙwarzane motar?" in ji shi daga baya. "Ni na sani. In na mai da ita haka, me zan ce wa mutane?"

"Wane mutane? Wa ya san ka a nan?"

"Kai."

Kwana uku ya yi a bayan ɗakin wanki na masaukin, ya kewaye motar da tsofaffin zannuwan gado saboda ƙura. Ashe fari ba iri ɗaya ba ne. Ya haɗa, ya gwada a murfin gwangwani, ya kai rana, ya kai inuwa, ya sake haɗawa. Da ya gama da ƙofar sai ya ga ba zai yiwu ƙofa ɗaya ta yi kyau a bar 'yan'uwanta cikin wulaƙanci ba. Ya fitar da lotsawar nan biyu da ruwan zafi da dabara. Ya goge ƙwarzane ukun. Ya ɗinke murfin tayar ta ciki da waya. Ya ji birkin hannu yana da sako-sako, ya shiga ƙarƙashi ya ɗaure shi. Na'urar fentin ma sai da ya kwance ta ya wanke, mai ita ya biyo shi har masauki yana tambaya ko yana da ɗa da ke neman aiki.

Mu kuwa muna baranda, ni da Maman Nas, muna kallon jiragen kamun kifi. Ranar cikar shekara hamsin ɗin ma'aikatan masaukin suka fito da kek da kyandir, suna tafi, suka ajiye a gabanmu, suka ce Allah ya ƙara danƙon ƙauna. Na buɗe baki in gyara musu, ta taka mini ƙafa.

"Yanka, Akawu. Angon yana ƙarƙashin mota."

Mun kai masa nasa a faranti. Ya ci da hannun hagu, na dama yana riƙe da samfefa. Tafkin kuwa ya gan shi sau ɗaya, lokacin da ya je ɗebo ruwan wanke tayoyi, ya ce ba laifi.

Ranar mayarwa motar tana ƙyalli kamar amarya. Mai Allo ta fito da allonta, ta je baya tana neman lotsawa ta farko. Ba ta gani ba. Ta tsuguna, ta shafa, ta koma ta duba lambar motar, ta duba allo. Ta zagaya sau uku.

"Baba, wannan motar muka ba ku?"

"Ita ce," in ji shi, yana gyara wuyan riga.

"To ina tabonmu guda shida?"

Da ya yi shiru, wataƙila da ta ɗauka allon ne ya rikice. Amma Sabo-Fil ya yi kwana uku yana jiran wannan tambaya. Ya kama bayani tiryan-tiryan, daga lotsawa zuwa birki, har da shawarar su riƙa duba ruwan batir. Tana saurare tana ja da baya, sai rana ta faɗo a gefen dama, kowa ya gani: ƙofar baya ta fi sauran motar fari. Ba muni ta yi ba. Kyau ta yi fiye da kima, har ta sa sauran jikin ya zama kamar tsohon haƙori.

Aka kira Manaja, wani mutum mai sanƙo da taushin murya, wanda ka gani ka san yana da tsoho irin wannan a gida. Ya zagaya motar, ya shafa ƙofar, ya ce aikin hannu ne na gaske. Sannan ya shigar da mu ofis ya yi bayani. Dole a kankare ƙofar a sake fesa ta a garejinsu don ta koma daidai da 'yan'uwanta. Dole a duba birkin, tunda hannun da ba nasu ba ya taɓa shi. Motar za ta yi kwanaki ba ta aiki. A ƙa'ida duk wannan yana wuyan wanda ya yi gyaran.

"Wato da ya bar ta a lalace, kyauta ne," in ji Maman Nas. "Da ya ƙara mata duka da guduma ma, kyauta ne."

"In dai a ƙofa ne, Mama, e."

"Allah ya ba mu lafiya."

Manajan ya ciro takardu biyu ya ajiye a kan tebur. "Baba, ni ba na son in cuce ka. Ga wannan, rahoton ɓarna ne. Ka sa hannu cewa ka ƙwarzane ƙofa, ni kuma in rufe ido kan sauran, in ce ban ga fenti ba. Yafiyar ta ɗauke komai, ku kama jirginku. In ka ƙi, sai wannan ta biyun, ita kuma da kuɗi take tafiya, ba kaɗan ba."

Sabo-Fil ya turo mini su. "Akawu, karanta."

Ta farko ta ce: ni, mai haya, na yi wa motar kamfani ɓarna. Ta biyu ta ce: ni, mai haya, na yi wa motar kamfani gyara ba tare da izini ba. Na gaya masa, a matsayina na wanda ya shekara talatin yana rantsar da shaidu, cewa duka biyun gaskiya ne, kuma ɗaya ce kawai ke cin kuɗi.

"Sake karanta ta biyun."

Na sake.

"Gyara suka rubuta?"

"Gyara. Ba tare da izini ba."

"Maganar izinin, wannan matsalarsu ce."

Maman Nas ta matso da kujerarta. Ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. "Baban Nas, dube ni. Gwangwanin madarar nan kake shirin juyewa, na sani. Shekara tara ina jiran kujerun nan. Bayana ya gaji. Kalma ɗaya ce, ba wanda zai gani sai wannan bawan Allah da durowarsa."

Ya daɗe yana kallon takardar farko. Na ga hannunsa ya je kusa da ita, don ba mugu ba ne, kuma yana son matarsa daidai gwargwadon yadda mai gyaran famfo ke iya nunawa. Sannan ya ce, a hankali, "Shekara sittin da biyu ban taɓa mai da kayan wani da ɓarna ba. Ba zan fara da sa hannu ba."

Ya ja ta biyun. Ya ƙi biron sarƙa, ya ciro alƙalaminsa na tawada daga aljihu, ya sa hannu da rubutun nan na Hedimasta, kowane harafi a kan layinsa. Ya roƙi a ba shi kwafi mai hatimi. Manajan ya ce tun da ya fara aiki ba a taɓa roƙonsa kwafin wannan takarda ba.

A jirgi Maman Nas ba ta ce masa uffan ba sai sau ɗaya, da ya tambaye ta ko za ta sha ruwa. Ta ce ya bari, kada ya gyara kofin.

Yau in ka shiga falonsu za ka ga takardar a bango, cikin firam ɗin da ya haɗa da kansa, tsakanin hoton aurensu da takardar sallamarsa daga ma'aikatar ruwa. A ƙarƙashinta kujerun nan ne, an yi musu gyara na goma sha biyu. Duk baƙon da ya zauna ya fara mutsu-mutsu, Maman Nas takan nuna masa bango ta ce, "Yi haƙuri, sababbin kujerun ga su can a rataye."

Da na gama rubuta wannan sai ya ji labari, ya zo ya ce in ara masa ya duba. Ya dawo da shi bayan kwana biyu, an ɗinke shafukan da zare, an yi musu bango mai kauri, an daidaita gefensu da reza. Na buɗe ina godiya. A shafi na huɗu, inda na ce ya ƙwarzane ƙofa taƙi ɗaya da yatsu biyu, sai na tarar da fili fari tas, an shafe layin da farar tawadar goge kuskure, a tsanake, ba ko ɗigo a gefe. Wurin ya fi sauran takardar fari. Na jira ya bushe sosai, na mai da layin da hannuna, kuma ban sake ba shi aro ba.